Gonar Jaji Mai Taya Biyu

Duk wanda ya san Kukar Bulama, wani ɗan ƙauye da ke bayan Minjibir, to ya san Jaji, ko da bai nemi saninsa ba. Jaji irin mutanen nan ne da in ka ce ka ga jirgin sama, sai su ce ai su suka ɗaura masa fiffike. Ya yi 'yan shekaru a birni yana sauke kaya a shagon masu sayar da kayan sola, daga nan ya naɗa wa kansa sarautar injiniya ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba.

Ana tsakiyar yankan gero ya dawo gida da kaya niƙi-niƙi a saman mota. Ya rufe zaure ya yi ta ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, har maƙwabta suka fara zaton ƙira ya koyo. Ran nan bayan la'asar, dattawa na zaune a gindin darbejiya, sai ga shi ya turo abin.

Amalanke ne mai taya biyu irin na 'yan ga-ruwa. An jera fararen bututan roba a kansa hawa-hawa, kowanne an huhhuda shi, a kowace huda an zura ɗan kofi cike da buntun shinkafa. Daga ƙasa ga jarkar ruwa da batir da wani ɗan inji mai tura ruwa, daga sama kuma faifan sola ya yi masa rumfa.

Jaji ya gyara murya. "Jama'a, ku yi ban kwana da fartanya."

Sabo ne ya fara tankawa. Sabo Bafillatani ne mai kiwon awaki a gefen gari, kuma abokin wasan Jaji, domin su Jaji asalinsu Barebari ne, kakanninsu suka zo daga gabas.

"Babarbare, wannan makara ce ko gadon amarya?"

"Jahilci bai yi ba. Gona ce, gonar tafi-da-gidanka. Ba ruwanta da ƙasa, ba ruwanta da damina, ba ta jiran wutar kowa. Rana ta ba ta wuta, wuta ta tura ruwa, ruwa ya ciyar da shuka. Ko tsakiyar daji ka shiga da ita, ka ci ka ƙoshi ba ka roƙi ɗan kowa ba."

"To ran da ka mutu yaya za a raba gadon? Kowane ɗa ya ɗauki taya ɗaya?"

Aka fashe da dariya. Mai unguwa, Malam Sama'ilu, ya tsawatar, ya ce a bar yaro ya nuna abin da ya koyo. Ya taso da kansa ya sunkuya yana leƙen bututun. Jaji ya ga dama ta samu, ya ce, "Ranka ya daɗe, kalli ikon Allah," ya danna makunni. Injin ya yi gurnani, tiyo ya fizge daga mahaɗinsa, ruwa ya tsarto ya wanke wa mai unguwa fuska, ya tafi da hularsa.

"Wannan gwaji ne, ranka ya daɗe," in ji Jaji.

Mai unguwa ya share gemu ya ce, "Na gwadu."

Gona dai ta samu, saura abin shukawa. Kuma Jaji ba zai zubar da girmansa ya shuka alayyafo kamar kowa ba. Idonsa ya faɗa kan barkonon Gwaggo Falta, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana tsumma. Barkono ne ƙanana jawur, mai wani ƙamshi da ba a samunsa a kasuwa. Mahaifiyarta ce ta taho da irinsa daga Borno a ƙulle a bakin zane, kuma duk faɗin yankin ba mai shi sai ita. Da shi take daka yajin jego. Macen da ta haihu a Kukar Bulama ba a kai mata yajin Falta ba, gani take ba a yi mata barka ba. Dakakke dai Gwaggo za ta ba ka har da ƙari, amma iri yana cikin wata 'yar gora, an cakuɗa shi da toka, an rataye a rufin ɗakinta, ba mai taɓawa.

A bana gwiwoyinta sun matsa mata, ba ta iya tsugunon reno. Ga kuma Ramlat, matar Jaji, da tsohon ciki.

"Gwaggo, ki huta," in ji Jaji. "Bana ni zan rena miki barkonon nan."

"Kai da gemunka ma ka kasa renawa?"

"Gwaggo, zamani ya canja. Kafin Ramlat ta sauka sai kin rasa inda za ki shanya barkono."

Ya yi ta yi mata daɗin baki har ta gaji. Ta sa ya sauko da gorar, ta tsiyaya masa rabi a tafin hannu, ta toshe sauran.

"Ba a juye iri duka a ƙasa," ta ce. "Rabi ake shukawa, rabi ya kwana a gora. Haka na tarar."

"Ai ni ba a ƙasa zan juye ba."

"Ko a goshinka za ka shuka, rabi dai."

Iri ya tsiro kuwa, 'yan kunnuwa biyu-biyu a kowane kofi. Jaji ya bi gida-gida yana sanarwa kamar an yi masa haihuwa. Sai wata rana ya ce batir na bukatar ya sha rana ya ƙoshi, ya kai amalanken tsakiyar fili tun hantsi, ya tafi majalisa yana bayanin yadda za a daina noma a duniya. Da ya dawo bayan azahar ya tarar da tsiron duk sun kwanta sun yi laushi. Sabo, wanda ba a gayyata ba, ya tsoma yatsa a bututu ya fizge da sauri.

"Kai! A kawo ganyen shayi da sukari, ruwa ya yi."

Ramlat ta leƙo daga zaure ta duba ta ce, "Injiniya, in sa gishiri ne ko a haka za a ci?"

Jaji ya ce ba laifin na'ura ba ne, tsohon iri ne bai saba da fasaha ba. Amma a ransa ya san ya dafa rabin barkonon Gwaggo da ransa, kuma in labari ya tsaya a nan, sunan injiniya ya mutu ke nan. Ya jira ranar da Gwaggo ta tafi barka maƙwabta, ya shiga ɗakinta ya sauko da gora. Ya san abin da yake yi ba kyau. Duk da haka ya juye sauran irin kaf, ya cika gorar da toka zalla daga murhu, ya mayar ya rataye, ya je ya shuka irin a kofuna. Ya gaya wa kansa aro ne, in ya girbe zai cika mata gora goma. Ya gaya wa Gwaggo kuma wai 'yan kaɗan ne suka mutu, sauran sun farfaɗo. Daga ranar, duk barkonon Falta da ya rage a duniya yana kan taya biyu.

A nan ne Jaji ya gano wani sirri da masu bidiyon da yake kallo a waya suka manta ba su faɗa ba: faifai rana yake so, ruwa kuma inuwa yake so, ga su a kan amalanke ɗaya. In ya bar su a rana shuka ta dahu, in ya kai su inuwa inji ya tsaya. Sai ya zama aikinsa ke nan, ya tura rana, ya jawo inuwa, ya tura, ya jawo, tun safe har magariba. Gonar da aka ce za ta hutar da mutum ta mayar da shi jaki. Masu fartanya suna dawowa daga gona su yi wanka su kishingiɗa, suna kallon injiniya yana bin inuwar katanga da gumi sharkaf.

"Ina zuwa haka, Jaji?"

"Gonar ce ke shan iska."

"Allah sarki. A gaishe ta."

Ko masallaci da ita yake zuwa. Ya ajiye ta a bakin taga, ya tsaya a ƙarshen sahu, ido ɗaya a liman ɗaya a barkono. Liman ya haƙura ya haƙura, ran nan bayan sallama ya ce, "Jaji, alƙibla dai tana nan inda ka bar ta kafin ka tafi birni." A rijiya kuwa mata sun tsane shi, don sai ya kutso da amalanke cikin layi ya ce a ba gona hanya, ita ba ta iya jira. Samarin gari su ma suka gano batirin nan yana cajin waya. Da ya ba da baya sai a jona, kafin ya waiwayo inji ya yi shiru. Dole ya ɗauki buta yana bin kofuna ɗaya-ɗaya yana ɗiga musu ruwa.

Sabo ya tsaya yana kallo, sanda a kafaɗa. "Wannan fasahar kam ta burge ni. Kakata ma ta iya ta. Mu a jahilce ban-ruwa muke ce mata."

To amma abin haushi, barkonon ya yi. Ganye ya buɗe kore shar, saiwoyi farare tas suka sauka cikin ruwa. Ciyawa ta bushe, an yanke dawa, gonaki sun zama tushiya, ba wani kore da ya rage a Kukar Bulama in ba amalanken Jaji ba. Kuma babu abin da ke lalata mutum irin Jaji kamar 'yar ƙaramar nasara. Tafiyarsa ta canja. Ya daina amsa sallamar wanda bai ce injiniya ba. Ya sanar cewa ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, zai yi wa al'umma cikakken bayani a filin bakin kasuwa, kowa ya zo da ɗan'uwansa.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari: dawa ta shiga rumbu, kowa ya kwashe karansa da harawarsa, ranar Juma'a da an idar da salla za a saki dabbobi.

A ƙasarmu gona na jikin gona, ba makiyaya ba burtalin kirki. Don haka tun saukar ruwan fari ake ɗaure kowace akuya da tunkiya a turke, a riƙa yanko musu ciyawa, ba su ƙara taka waje sai an gama kaka. Ranar da aka kwance su kuwa, ko koren zane ka shanya sai ka tsaya a kansa. Mai rogo ya kewaye rogonsa da ƙaya, mai lambu ya ƙara darni, har 'yar bishiyar da aka dasa a ƙofar gida sai an kifa mata tsohon kwando.

Gwaggo Falta ta kira shi. "Ka ji shela. Ranar Juma'a ka shigo mini da shukata tsakar gida, ka ja ƙyaure."

"Gwaggo, na riga na tara mutane."

"Awaki ma an tara su."

Sabo shi ma, duk da wasan da ke tsakaninsu, ya same shi ya ce, "Babarbare, yau ba wasa nake ba. Awakina kaɗai sun isa su cinye ka har hula. Ka yi wa gonar shinge, ko ka ɗaga taron."

Jaji ya yi wata dariya ta tausayin jahilai. "Shinge ai na gonar da ba ta da ƙafa ne. Tawa in ta ga akuya sai ta yi gaba abinta. Wannan shi ne bambancin ilimi da kiwo."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Sabo.

Ranar Juma'a Jaji ya ci babbar riga mai sitaci, ya kafa hula a goshi. Aka sauko daga masallaci, fili ya cika, har da mutanen ƙauyukan kewaye. Ya sa aka kifa turmi ya hau. Ya zaro kofi ɗaya, wanda shukarsa ta fi kyau, ya ɗaga sama don kowa ya ga saiwa.

"Jama'a! Wannan da kuke gani bai taɓa ganin ƙasa ba. Fari bai isa ba, ambaliya ba ta isa ba, dabba ba ta..."

Sai aka ji "meee" daga lungun gabas. Wata ta amsa daga yamma. Kafin ya haɗiye yawu, kowane lungu na Kukar Bulama ya fara amayar da awaki, wasu da guntun igiya a wuya, suna tsalle suna shura ƙafa. Suka fito fili suka tsaya, suka duba gabas ƙasa, suka duba yamma tushiya. Sannan gaba ɗayansu suka juyo suka kalli amalanke.

Jaji ya cusa kofin a aljihun gaban riga, ya diro daga turmi. "Kada kowa ya tsorata! Yanzu za ku ga amfanin taya!"

Ya kama amalanke ya zura da gudu. Da ya tsaya cikin mutane, da wataƙila an taru an kore su. Amma gona mai gudu ba ta jiran taimako. Ya ratsa rumfar mai ƙosai, awaki na biye. Ya kewaya rijiya, tumaki suka shigo layi. Ruwa na fantsama daga bututu, batir na tsalle, injiniya na ihu, "Kai! Tir! Ku bari!" Mutane kuwa wasu na bin sa don su taimaka, amma dariya ta hana su gudu.

Wani jan bunsurun Sabo, wanda da ganinsa ka san ya daɗe yana jiran wannan rana, ya daka tsalle ya hau amalanken. Ya gyara tsayuwa a hawa na sama, ya fara daga kofin farko yana bi a jere, Jaji na tura shi.

"Babarbare!" Sabo ya ƙwala daga baya. "Ka yi a hankali, fasinja na cin abinci!"

Jaji ya saki hannu ɗaya zai kai wa bunsuru duka, hannun babbar riga ya faɗa cikin taya ya naɗe. Amalanke ya karkace ya bar hanya ya faɗa gonar da aka yanke dawa. Tushiya ta soki taya ɗaya, ta yi tsaki ta sace. Daga nan gangare ne zuwa kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Yanzu kam ba Jaji ke tura gona ba, gona ce ke jan Jaji. Suka tafi tare, shi da ita da fasinja, har bakin ruwa, inda komai ya kife cikin taɓo.

Kafin mutane su iso an gama. Awaki sun cinye ganye, sun cinye kara, sun zuƙe saiwa, sun lashe buntu, wata tunkiya ma tana gefe tana gwada wayar batir. Jaji ya taso zaune cikin caɓi, hula ta tafi, sitaci ya zama tarihi. Mai unguwa ya dube shi daga sama ya ce, "Wannan ma gwaji ne?"

Ana cikin shewa sai ga Gwaggo Falta ta iso tana dogara sanda, Ramlat na riƙe da ita. Ta dubi kofunan da suka watse ba ko ganye ɗaya. Ta yi ajiyar zuciya.

"To, Allah ya kyauta. Tashi mu tafi gida. Dama don irin wannan ranar ake barin rabi a gora."

Jaji bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai ya shiga kankare taɓo daga gwiwarsa kamar aikin da aka ba shi ke nan.

"Jaji. Dube ni."

"Gwaggo, wato a kimiyyance..."

"Me ke cikin gorata?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Can ya ce, "Toka."

Dariya ta ɗauke ɗif. Gwaggo ta saki sanda ta zauna a ƙasa, a wurin, gaban kowa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi wa Jaji sauƙi.

"Uwata ta ratso daji da irin nan a bakin zane, tana goye da ubanka," ta ce. "Yunwa ta zo ba mu ci shi ba. Fara ta zo ba ta same shi ba. Ashe ajiye shi nake yi wa bunsurun Sabo."

Matan da ke wurin, waɗanda duk sun ci yajin nan a jegonsu, suka yi jugum. Ramlat ta dafa cikinta ta kau da kai. A karon farko tun da ya dawo daga birni, Jaji ya nemi abin faɗa ya rasa, kunya ta rufe shi har ya ji da ma taɓon ya haɗiye shi.

Sai jan bunsurun nan ya matso yana shinshinar ƙirjinsa. Jaji ya ture shi, ya dawo. Sabo ya ƙura ido, ya yi wuf ya damƙe ƙahon bunsurun.

"Tsaya. Babarbare, mene ne a aljihunka?"

Jaji ya zura hannu ya zaro kofin da ya yi wa jama'a bayani da shi. Shukar ta lanƙwashe, ganye biyu sun karye, amma tana da rai. Ya dube ta, ya dubi mutane, sai ga murya ta dawo masa.

"Kun gani? Dama na tsara haka. Duk injiniyan da ya san aikinsa yana ware..."

Gwaggo ta miƙa hannu. Ya katse maganar ya ba ta. Ta rungume kofin a ƙirji, ta rufe shi da mayafi, ta ce a tashe ta.

Da yammacin nan ta haƙa rami da hannunta a bayan ɗakinta, ta dasa shukar a ƙasa, da takin awaki. Ta sa aka kwance bututan aka kafa su kewaye, aka saƙa musu ƙaya. Faifan sola aka jingina shi ya tare mata zafin azahar. Tayoyin kuwa ta ba mai faci kyauta. Sannan ta nuna wa Jaji turken akuyarta, wanda ke nan kusa ba kowa a kansa tun da aka yi saki.

"Ga wurinka nan. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, salla kaɗai za ta tashe ka. Sai ya yi fure, ya yi 'ya'ya, sun nuna, sun bushe, na zuba a gora da hannuna."

"Gwaggo, ai wannan sai rani ya raba."

"Ina kake da zuwa? Gonarka ta iso."

Haka aka yi. Awakin Kukar Bulama suka yi ta yawonsu a gari, Jaji na zaune a kan turke da 'yar tsumagiya. Ramlat ta sauka lafiya, aka yi mata jego da ragowar yajin bara, ana auna mata da bakin cokali. Masu zuwa barka sai sun zaga bayan ɗaki sun gaida shuka, sannan in sun tuna su gaida mai gadinta.

Ran nan Sabo ya leƙo ta kan darni. "Injiniya, yau gona ba ta fita shan iska?"

Jaji ya gyara zama, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Kai ba za ka gane ba. Wannan sabon tsari ne nake gwadawa. Shuka a ƙasa, mutum a gefe. Nan gaba duk duniya haka za a koma, ka rubuta ka..."

"Jaji!" muryar Gwaggo ta fito daga ɗaki. "Kaza!"

Injiniya ya zabura, tsumagiya a sama, ya bi kazar da gudu.